Miyar Hindi da Gwaggo Ta Aike Ni Nema

Ina cikin shekarata ta biyu a Madina Gwaggo ta daina cin abinci. Ni gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne ya kai ni garin, abin da mutanen can ke kira mukayyif. Shagonmu yana unguwar Jurf, na wani Balarabe ne, mu kuma ma'aikatansa. Ana kiran mu gidaje da otal-otal, mu kafa tsani mu kwance na'ura, mu wanke, mu zuba gas, mu mayar. A garin da zafi ke sa ƙofar mota ta ƙona hannu, mai irin sana'armu ba ya rasa abin yi.

Gwaggo ba ƙanwar mahaifina ba ce ta ciki ɗaya. Mahaifinta da kakana ne wa da ƙane. Shi ya baro Zariya a ƙasa da niyyar aikin hajji, ya yi zango a Sudan ya daɗe, daga baya ya tsallaka teku, bai sake komawa gida ba. A Madina aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta tsufa. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarta ta fi tawa tsufa, tana faɗin kalmomin da sai a bakin kakata na taɓa jin su. Da zan taho mahaifina ya ce lalle in neme ta. Na kuwa same ta a wani gida kusa da Ƙuba, bayan wani tsohon lambun dabino. Tun ranar ta kafa mini doka, cewa kowace Juma'a in an sauko daga masallaci a gidanta zan ci abincin rana.

Tana zaune da babbar 'yarta, malamar makarantar 'yan mata, wadda nake ce wa Yaya. Yaya tana jin Hausa tsaf, amma ba ta mayarwa da ita. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci. In na lallaɓa na yi Larabcin sai ta yi dariya ta ce don Allah in koma Hausata. Haka muke hira, kowa da bakinsa, muna kuma fahimtar juna fiye da rabi.

Ciwon ƙirji ne ya kama Gwaggo a lokacin sanyi. Aka kwantar da ita asibiti, aka sallamo ta da sauƙi, sai dai ciwon ya tafi da bakinta. Ko me aka kawo mata sai ta ɗanɗana ta ture. Yaya ta yi kabsa, dafa-dukar Larabawa, ta yi farfesu, har tuwon shinkafa ta tuƙa da miyar kukar da na sa wani mai Umara ya taho mini da ita daga gida. Gwaggo ta sa yatsa ta lasa, ta ce kamar ƙasa take ji. Ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa.

Wata Juma'a na shiga ɗakinta gaishe ta, na durƙusa gefen gado.

"Gwaggo, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, ɗan nan. Matso kusa. An ce da Hindi kake aiki."

"Indiyawa? Eh, akwai su a shagonmu."

"To, miyar Hindi nake so."

Yaya tana bakin ƙofa da tire a hannu, saura kaɗan ta sake shi don murna, tunda wannan ne karo na farko da tsohuwar ta nemi wani abu da bakinta. Ta tambaye ta da Larabci wace iri take nufi.

"Miyar Hindi dai," in ji Gwaggo. "Wadda maƙwabciyarmu take yi."

"Wace maƙwabciya, Ummi?"

"Ta tsohon gida mana."

Yaya ta dube ni, na dube ta. Tsohon gidan nan yana cikin unguwannin da aka rushe tuntuni lokacin da aka faɗaɗa Masallacin Annabi. Inda yake a da, yanzu fili ne mai santsi da mutane ke shimfiɗa darduma. Maƙwabciyar kuwa Yaya ko fuskarta ba ta tunawa.

Ni dai na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Juma'a mai zuwa za ki sha ta, in Allah ya yarda."

Na faɗi haka ne da ƙarfin gwiwa domin a zatona na san abin. A gida muna da kori, garin nan mai ruwan ɗorawa da ake barbaɗawa a dafa-duka ko a naman kaza. Na kuma sha jin Indiyawa suna cewa kari. Sai na haɗa biyun a raina, na ɗauka miya ɗaya ce duk ƙasarsu ke sha, rawaya, mai ƙamshin garin nan, duk inda ka je ka ce a zuba maka za a zuba.

Akwai wani dattijo a shagonmu, mutumin Kerala ta kudancin Indiya, shi ya koya mini rabin abin da na sani a aikin. Larabcin aiki muke yi da shi, wannan guntun Larabcin da baƙi ke yi da juna, wanda ko Larabawan kansu sai sun karya harshe suke shiga. Muna cikin mota na kira shi yadda muke kiran juna, sadiƙ, wato aboki, na ce masa, "Sadiƙ, kari mai kyau nake nema. A ina zan samu?"

Ya kaɗa kai gefe da gefe. Har yau ban gama gane wannan kaɗa kan nasu ba. Na san ba a'a ba ne, amma ba kullum yake zama eh ba.

Na ce, "Babu?"

Ya ce, "Akwai, akwai da yawa. Karin me?"

"Kari dai."

"Na kifi? Na kaza? Na naman sa? Na ƙwai? Na wake? Mai ruwa ko mai kauri?"

Na ce ban sani ba. Ya yi dariya har yana dukan sitiyari, ya ce in wani ya zo garinku ya ce a ba shi miya, ai sai kun tambaye shi wacce. Na ce haka ne. Sai ɗaya abokin aikinmu da ke zaune a baya tare da tukwanen gas ya leƙo da kai ya ce kada in saurari wannan mutumin, su mutanen Kerala ba su san abinci ba, komai sai sun zuba masa kwakwa, da za su samu dama har a man mota za su sa. Ya ce in ina son abinci na gaske in bi shi.

Na ce, "To ai duk ɗaya ne, ku duka Indiyawa ne."

Nan na bayan ya tsaya cak. Ya ce shi ɗan Pakistan ne, ya kuma yi mamakin yadda muka daɗe muna hawa tsani ɗaya ban san haka ba. Ni kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gardamar da suka shiga yi da juna da guntun Larabcin nan. Ashe duk zaman da muke yi ba sa jin yaren juna. Ni da nake ganin kamar in sun so gulmata sai su juya harshe, ashe babu harshen da za su juya.

Dattijon ne ya fara kai ni wurinsu, wani ɗan gidan abinci a bayan shagunan kayan mota. Aka kawo miyar kifi ja wur, da ta kaza fara-fara mai kauri. Babu wadda ta yi kama da korin da na sani. Na ci ina gumi, hanci na zuba, amma sai da na suɗe faranti. Ran Juma'a na sa aka zuba mini duka biyun a kula na kai Ƙuba.

Gwaggo ta sa aka tayar da ita zaune. Yaya ta buɗe kular. Ko cokali tsohuwar ba ta ɗauka ba, shinshinawa kawai ta yi.

"Kwakwa," ta ce. "Wannan ta Jawa ce, mutanen Indonesiya. Hindi ba sa sa kwakwa."

"Gwaggo, wanda ya dafa ta Ba'indiye ne, na gan shi da idona."

"To bai iya ba."

Ta koma ta kwanta. Ni da Yaya muka cinye miyar a falo.

Da na ba da labari a shago ɗan Pakistan ya ji daɗi ƙwarai, ya ce tsohuwar nan ta san abinci. Ya kai ni nasu wurin, inda ake soya naman rago da tumatir da citta a wani baƙin kasko, mai yana yawo a kai, a kawo maka da gurasa mai zafi. Wannan ma ta yi mini daɗi. Na kai wa Gwaggo. Ta juya cokali a ciki ta ɗago tsoka.

"Wa ya ce maka da nama?"

"Ba ki ce babu nama ba, Gwaggo."

"Ai ba ka tambaya ba. Babu nama a cikinta ko ƙwaya."

Na koma na nemo marasa nama. Na kawo ta wani ƙanƙanin wake da ake dafawa ya narke, ta ce wannan ai adas ne, waken Larabawa, ko Yaya tana yi. Na kawo ta alayyafo da aka niƙa da cuku a ciki, ta dube ta ta ce in ɗauke mata daga gabanta. Na kawo ta kuɓewa, ta ce kuɓewar da ba ta yauƙi wace irin kuɓewa ce. Kowace Juma'a sai ta ƙi abin da na kawo, sannan ta ƙara mini bayani guda, kamar mai ba da magani da ɗigo. Yau ta ce tana da tsami. Wani satin ta ce tsamin na tsamiya ne, ba na lemo ba. Sannan ta ce da gyaɗa. Sannan riɗi. A ƙarshe ta ce gauta ake sakawa, ƙanana baƙaƙe, a tsaga su gida huɗu amma ba a raba su, a bar musu hancinsu, in za ka ci da hancin za ka kama.

Na kwashe wannan duka na kai shago. A karo na farko abokan aikina biyu suka yarda da juna. Dattijon Kerala ya ce gyaɗa a miya bai taɓa ji ba, wannan abincin Afirka ne. Ɗan Pakistan ya ce ko mahaukaci ba zai haɗa gauta da gyaɗa ba. Ni kaina da na zauna na lissafa kayan, tsamiya da gyaɗa da riɗi da gauta, sai na ga babu wanda ba a sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Kamar dai an aike ni Indiya in nemo abin da ke madafin mahaifiyata.

Yaya ma tunanin da ta yi ke nan. Ta tare ni a bakin kicin ta yi ƙasa da murya, ta ce tana tsoron ciwon ya taɓa tunanin Ummi. Ta ce gauta da gyaɗa ai abincin mutanen Sudan ne, kakarta ta zauna a can, tabbas ita ke yi, Ummi ce ta haɗa mata biyu a kanta. Ta ce in huta, ita za ta dafa.

Ta kuwa dafa. Ta soya gauta ta murje da tunkuza da lemon tsami, yadda wata ƙawarta 'yar Sudan ta kwatanta mata. Muka shiga da shi tare. Gwaggo ta dubi kwanon, ta dubi 'yarta, ta dube ni.

"Kun ɗauka na ruɗe."

"A'a, Gwaggo, ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Ina jin ku a bakin kicin. Kunnena bai mutu ba."

Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. Ta ce wa Yaya ta zauna, ni ma in zauna. Ta ce matar nan ba mafarkinta ta yi ba. Bahindiya ce, gajera, da ƙaton ɗan hanci na zinariya, ta zo hajji da mijinta suka zauna, shi yana ɗinkin huluna. Soron gidansu da nasu katanga ɗaya ce ta raba, a kanta ake miƙo kwano. Matar ba ta jin Hausa, Larabcinta kuma bai fi na gaisuwa ba, amma ita da mahaifiyar Gwaggo sai su wuni suna hira da hannu suna dariya. Ta juya wajen Yaya ta ce, "Da na haife ki bakina ya mutu kamar yanzu. Ba na iya haɗiyar komai, ruwan nono ya ƙi zuwa, kina ta kuka. Ita ta riƙa miƙo mini miyar nan har na gama jego. Da ita na shayar da ke. Sannan ki ce mini ta Sudan ce."

Yaya ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki kwanon ta fita, na ji ta tana jan hanci a kicin.

Bayan wannan ranar na rasa ta inda zan ɓullo. Na yarda matar ta taɓa wanzuwa, amma miyar fa? Duk Ba'indiyen da na haɗu da shi sai na tare shi, mai aski, mai kantin magani, direban da muka tsaya tare a danja. Wani ya ce in je Makka. Wani ya ce wannan sai 'yan Bangladesh. Na je wurin 'yan Bangladesh suka ba ni kifi mai ƙaya da man da ya hau mini kai. Wani ya saurare ni da kyau har ƙarshe yana ta kaɗa kai, na ɗauka na dace, ashe bai ji ko kalma ɗaya ba. Cikina ya lalace saboda yaji, har sai da na koma shan kunu na ɗan lokaci. Juma'o'i suka riƙa wucewa ina zuwa hannu sake. Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba, wannan kuma ya fi damuna a kan ƙin da take yi.

Zafi ya fara shigowa, aiki ya yi yawa. Wata rana aka tura ni da dattijon Kerala wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Ranuna, mukayyif ɗinsu yana zubar da ruwa a kan teburin masu cin abinci. Tiyon da ke fitar da ruwa ne ya toshe, ba wani babban aiki ba. Muka gama ana kiran Azahar, suka ja ƙofa, muka yi salla tare. Da muka dawo ɗaukar kayanmu sai muka tarar ma'aikatan sun shimfiɗa leda a ƙasa a bayan kanta za su ci nasu abincin. Mai dafa abincin, wani tsoho mai jan gemu na lalle, ya yafito mu ya ce bismillah. Na so in ce na ƙoshi saboda cikina, amma abokin tafiyata har ya zauna.

Shinkafa ce da suke kira biriyani, a babban tire. A gefe kuma wani kwanon silba da miya mai kauri, launin ƙasa, mai ya taso a kai. Ban kula da ita ba sai da na ga wani ya sa hannu ya kamo wani abu ta hanci ya ɗago. Gauta ce, ƙarama, baƙa, a tsage gida huɗu.

Na ɗebo miyar na kai baki. Abin da ya fara zo mini shi ne miyar gyaɗar mahaifiyata. Sannan tsamiya ta biyo baya, sannan wani ƙamshi da ban san shi ba. Na miƙe tsaye da hannuna duk miya, har suka tsorata, suka ɗauka yaji ne ya kama ni, wani ya miƙo mini ruwa.

Na ce wa tsohon, "Wannan kari ne?"

Ya ce a'a, wannan salan ne. Wanda ke kusa da shi ya ce kari ne mana, salan da kari sawa-sawa, wato duk ɗaya. Tsohon ya ce ba sawa-sawa ba ne. Suka fara musu da yarensu. Na katse su na ce to mene ne sunanta.

Ya ce, "Bagara baingan."

A Larabcin Madina bagara saniya ce.

Na ce, "Ashe da nama a ciki."

"Babu nama."

"To ina saniyar?"

"Wace saniya?"

"Kai ka ce bagara."

Ya dube ni kamar mai tunanin ko rana ce ta buge ni a kan tsani. Sai da wani daga cikinsu ya gane, ya fashe da dariya, ya yi musu bayani, suka kwashe gaba ɗaya har tsohon yana share hawaye da gefen rawaninsa. Aka fahimtar da ni cewa a yarensu kalmar tana nufin soya kayan ƙamshi a mai, babu ruwanta da dabba.

Na juya kan dattijon Kerala, wanda ke ta loma hankali kwance. Na ce, "Ba kai ka ce mini babu wannan a Indiya ba?"

Ya ce, "Waɗannan mutanen Haidarabad ne. Ban taɓa zuwa garinsu ba. Indiya tana da girma, sadiƙ." Ya ƙara kamo gauta.

Na ba tsohon labarin Gwaggo iya yadda Larabcina ya kai. Ya saurara yana shafa gemu. Ya ce miyar ba ta cikin abin da suke sayarwa, shi ya sa ba a rubuta ta a allo ba. Yakan yi ta ne don su, sai kuma ran Juma'a da ake ɗan zuba wa wanda ya sayi biriyani a gefe. Ya ce in zo Juma'a da kulata. Na tambaye shi abin da ke ciki, ya shiga lissafawa da yatsu. Gyaɗa, riɗi, tsamiya, albasa, barkono, kwakwa.

Na ce, "Kwakwa?"

Ya ce busasshiya, ana soya ta a niƙa tare da gyaɗar. Na ce ba za a iya cire ta ba? Ya ce in an cire ta to wata miya ce daban. Na fito ban san ko murna zan yi ko fargaba ba.

Ran Juma'a na karɓo miyar na kai. Ban yi wa Gwaggo wani bayani ba, na buɗe kular kawai na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa hannu ta kama gauta ɗaya ta hanci, ta juya ta, ta ce wa Yaya ta kawo farar shinkafa. Ta ci a hankali. Ta cinye ɗaya ta kamo ta biyu. Yaya ta tsaya jikin ƙofa ta toshe baki da gefen mayafinta. Da ta gama ta sa yatsa ta suɗe gefen farantin, ta sha ruwa, ta yi hamdala.

Ta ce mini, "Ka gani ko? Babu kwakwa."

Na buɗe baki, na ga idon Yaya, na rufe.

Can na ce, "Ita ce, Gwaggo?"

"Ba ita ba ce. Ƙanwarta ce dai. Akwai abin da babu."

"Me ke nan?"

"Daddawa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Daddawa, Gwaggo? Irin tamu?"

"Akwai wata ne? Wajen mahaifiyata take karɓa. Alhazai na kawo mana, ita kuma ta miƙo hannu ta katanga a gutsura mata."

Yaya ta ce da Larabci, to ai in da daddawa ba miyar Hindi ba ce ke nan.

Gwaggo ta ce, "Bahindiya ta dafa, a tukunyarta, a gidanta. Ta wa kike so ta zama?"



Ina da ragowar daddawa a ɗakina, a ƙulle cikin leda cikin gwangwani saboda abokan kwanana. Na ɗauka na kai wa tsohon a Ranuna. Yana buɗe ledar ya ja da baya ya toshe hanci, ya ce wannan abin ya lalace, in zubar. Na ce haka yake. Ya ce me aka yi da shi. Na rasa sunan ɗorawa da Larabci, na ce 'ya'yan itace ne ake dafawa a rufe su kwana biyu. Ya ce to shi ya faɗa, ya lalace. Sai da na yi ta roƙo kafin ya yarda, da sharaɗin ba za ta kusanci babbar tukunyarsa ba. Ya ɗebi miyar a wata ƙaramar tukunya, ya marmasa daddawar da bakin wuƙa daga nesa, ya juya, ya miƙo mini ba tare da ya ɗanɗana ba.

Gwaggo ta kai cokali ɗaya ta yamutsa fuska. Ta ce a ƙarshe ya zuba, ana jin ɗanyenta. Daddawa a mai ake fara sa ta tare da albasa, kowa ya san haka. Ta ce wa Yaya ta kama ta. Muka ɗauka banɗaki za ta, sai muka ga ta nufi kicin tana dafa bango. Aka ajiye mata kujera kusa da murhu. Ta aike ni kanti in sayo gauta ƙanana da riɗi da ɗanyar gyaɗa, na dawo ta ce gautar ta yi girma, na koma na canzo. Ba ta taɓa dafa miyar ba a rayuwarta, ci kawai ta sani, amma ta zauna tana ba da umarni kamar ita ta ƙirƙiro ta. Yaya na suya, ni ina daka, ita tana ɗanɗanawa tana cewa a ƙara tsamiya, a rage wuta, wa ya ce a zuba ruwa. La'asar ta yi ba mu gama ba.

Da aka sauke ta ci faranti guda, ta ce a ƙara mata kaɗan. Na tambaye ta ko yanzu an dace. Ta ce a'a, wannan ma ba ita ba ce, wataƙila ruwan yanzu ne ba irin na da ba. Ta ce Juma'a mai zuwa za a sake gwadawa, in taho da wuri. Haka muka riƙa yi duk tsawon zafin shekarar. Ba mu taɓa yin wadda ta ce ita ce ba, amma kumatunta suka dawo, ta koma fita tsakar gida da yamma tana faɗa da masu shara.

Wata Juma'a Gwaggo ta sa aka zuba a kula ta ce in kai wa tsohon nan na Ranuna, in ce tana gaishe shi, ya ga yadda ake yi. Na kai masa bayan La'asar, lokacin babu mutane. Ya shinshina da taka-tsantsan, ya ɗebo shinkafa kaɗan ya zuba a kai, ya ci loma ɗaya ya tsaya. Ya ƙara ta biyu. Ya kira ɗaya daga cikin mutanensa ya ɗanɗana, suka yi magana da yarensu mai tsawo, ban san yabo ne ko zagi ba. Na tambaye shi yaya ya ji. Ya ce gishiri ya yi kaɗan, gautar kuma ta nuna da yawa. Sannan ya cinye, ya wanke kular da kansa, ya cika ta da biriyani ya ce in kai wa Hajiya.

Har na kai ƙofa ya kira ni. Ya ce abin nan mai wari, in wani zai zo daga ƙasarmu, in sa a taho masa da kaɗan. Na ce miyar shago zai sa wa? Ya ce Allah ya kiyaye, yana so ne ya aika wa matarsa a gida ta gani, don ya ba ta labari a waya ta ce ƙarya yake yi.